BABI NA UKU: NAƊAR SHIRYE-SHIRYEN TALABIJIN NA TSARIN HD A KAN TSOHUWAR NA'URAR BIDIYO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda wasan kwaikwayon Hausa ya sami gurbi a gidajen talabijin, tun daga kafa gidan talabijin na Kaduna a shekarar 1962, zuwa kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, a 1977, har zuwa buɗe tashar Arewa24 a 2014. A wannan babi kuma za a duba wani al'amari da ya shafi na'ura, amma wanda yake da alaƙa ta kai tsaye da nazarin waɗannan wasanni. Al'amarin kuwa shi ne, ko tsohuwar na'urar bidiyo mai kaset za ta iya naɗar shirye-shiryen da ake watsawa a tsarin HD, wato tsarin nan mai fitar da hoto tangaran. Dalilin kawo wannan magana shi ne, manazarci ba ya iya nazarin wasan da ya gani sau ɗaya ya wuce. Dole ne ya mallaki wasan a hannunsa, ya maimaita kallonsa, ya tsayar da shi inda yake so, ya rubuta maganganun 'yan wasa kalma bayan kalma. Wasan da aka watsa ba a naɗa ba kuwa, sai dai a ba da labarinsa. Amsar tambayar a taƙaice ita ce, na'urar za ta naɗi shirin, amma ba za ta naɗe shi a matsayin HD ba. Sauran bayanin da zai biyo baya ƙoƙari ne na nuna dalilin haka da kuma yadda ake yin aikin.

3.1 Yadda Na'urar Bidiyo Take Aiki

Na'urar bidiyon da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce mai amfani da kaset na VHS. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da wannan tsari a shekarar 1976, shekara guda bayan kamfanin Sony ya fito da nasa mai suna Betamax. Tsare-tsaren biyu sun yi gogayya a kasuwa na wasu shekaru kafin VHS ya yi rinjaye. A kan irin wannan kaset ne aka fitar da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a shekarar 1990, kuma a kansa ne harkar finafinan Hausa ta ginu a shekarun da suka biyo baya.

Zaren da ke cikin kaset ɗin faɗinsa rabin inci ne, kuma an shafe fuskarsa da wani sinadari mai karɓar maganaɗisu. Idan aka sa kaset a cikin na'ura, sai ta jawo zaren ta naɗe shi a jikin wata 'yar ganga ta ƙarfe wadda take a ɗan karkace. A jikin gangar nan ne kawunan naɗa suke, waɗanda masu gyara ke kira hed. Shi zaren a hankali yake tafiya, domin bai wuce milimita 23 da 'yan kai ba a cikin daƙiƙa guda, amma ita gangar tana juyawa sau 1,500 a minti ɗaya. Saboda karkacewar gangar, sai kawunan su riƙa rubuta hoton a jikin zaren cikin siraran layuka na karkace, ɗaya kusa da ɗaya. Da wannan dabara ce kaset mai lamba E-180 yake ɗaukar shirin awa 3, idan kuma aka rage gudun zaren zuwa abin da ake kira LP ya ɗauki awa 6, sai dai kyan hoton yakan ragu.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan aiki a tsarin analog ake yin sa. Ma'ana, na'urar tana kwaikwayon hawa da saukar siginar hoto ne kai tsaye a jikin zaren, ba ta mayar da shi lambobi. Haka kuma an ƙera ta ne domin ta dace da talabijin na zamaninta. A Nijeriya tsarin PAL aka bi, wanda yake da layuka 625, daga ciki 576 ne ke bayyana a fuskar akwati, kuma yana nuna hoto 25 a daƙiƙa. Jamhuriyar Nijar ta bi tsarin SECAM irin na Faransa, Amurka da Japan kuwa suka bi NTSC mai layuka 525. Wannan ne ya sa kaset ɗin da aka naɗa a tsarin SECAM yakan fito fari da baƙi a na'urar da ba ta san komai ba sai PAL. Idan tun a wancan zamani na'urar ba ta iya tsallake bambancin da ke tsakanin Kano da Maradi ba, to ba abin mamaki ba ne ta kasa tsallake wanda ke tsakanin analog da dijital.

3.2 Abin da Ake Nufi da Tsarin HD

Tsarin HD ya bambanta da tsohon tsari ta fuska uku, kuma kowace fuska tana da tasiri a kan naɗa. Ta farko ita ce yawan layuka. Hoton HD yana da layuka 720 ko 1,080. A mai layuka 1,080, kowane layi yana ɗauke da ɗigo 1,920, wato hoto guda yana da ɗigo 2,073,600 ke nan. Hoton dijital na gama-gari mai layuka 576 kuwa ɗigo 720 ne a layinsa, jimilla 414,720, kashi ɗaya cikin biyar na HD. Fuska ta biyu ita ce siffar hoton. Tsohon akwatin talabijin faɗinsa 4 ne tsayinsa 3, shi kuwa hoton HD faɗinsa 16 ne tsayinsa 9, wato ya fi shimfiɗuwa kamar na majigi. Fuska ta uku, wadda ta fi sauran muhimmanci, ita ce a yau HD a tsarin dijital ake watsa shi. Ana mayar da hoto da sauti lambobi, a matse su domin su rage cin wuri, sannan a aika. Wanda zai kalla sai ya mallaki na'urar da za ta warware lambobin, ita ce ake kira dikoda.

Ƙaura daga analog zuwa dijital ba ta zo wa ƙasashe lokaci guda ba. Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog ranar 12 ga watan Yuni na 2009, Birtaniya ta kammala nata a 2012. Ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya sun ƙulla yarjejeniya a birnin Janiba a 2006, inda aka tsayar da ranar 17 ga watan Yuni na 2015 a matsayin wa'adi. Nijeriya ba ta cim ma wannan wa'adi ba. Sai a 2016 aka ƙaddamar da gwaji a Jos, sannan Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Legas da Kano kuma a 2021. Amma tun kafin wannan lokaci dijital ya riga ya shiga gidajen jama'a ta hanyar dikodar kamfanoni irin su DStv da StarTimes da GOtv. Ya kamata a fahimci cewa ba kowace tashar dijital ce HD ba. Tashoshi da dama a layuka 576 suke watsa shirinsu, ko da an kalle su a babban akwati na zamani.

3.3 Inda Matsalar Take

A cikin yawancin na'urorin bidiyo akwai wani sashe mai kamo tasha, irin wanda yake cikin akwatin talabijin. Da shi ne a da mutum yake jona eriya a bayan bidiyo, ya saita agogo, ya fita harkarsa, ya dawo ya tarar an naɗar masa Samanja ko Karkuzu. Wannan sashe analog kaɗai ya sani. Idan aka jona masa eriya a wurin da aka kashe analog, babu abin da zai kamo sai yayyafi da ƙara. Wannan ita ce matsala ta farko, kuma maganinta mai sauƙi ne, domin dikoda tana iya tsayawa a madadinsa.

Matsala ta biyu ita ce ba ta da magani. Zaren VHS da kawunansa suna da iyakar abin da za su iya rubutawa. Idan aka auna kaifin hoton VHS daga hagu zuwa dama, kimanin layuka 240 ake samu, wanda ya yi daidai da ɗigo wajen 320 a faɗin akwati. Idan aka kwatanta wannan da ɗigo 1,920 na HD, za a ga tazarar ninki shida ce a faɗi kaɗai. Launi kuwa ya fi shan wahala, domin wurin da aka ware masa a jikin zaren ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa jan kaya yakan yi kamar ya zuba ya wuce iyakarsa a hoton kaset. Ko tsarin S-VHS da aka fito da shi a 1987 domin ƙara kaifin hoto kimanin layuka 400 kaɗai yake bayarwa. Saboda haka babu wata waya ko dabara da za ta sa HD ya shiga kaset na VHS yadda yake. Duk mai sayar da kaya da ya ce wayarsa za ta yi haka, ko dai bai san aikin ba ko kuma ciniki yake nema.

A nan ya dace a ambaci cewa an taɓa ƙera na'urorin kaset masu naɗar HD. A farkon shekarun 1990 kamfanin JVC ya fito da W-VHS domin naɗar tsarin Hi-Vision na Japan, wanda shi HD ne na analog. A 1998 kuma aka fito da D-VHS, wanda yake rubuta lambobin dijital kai tsaye a jikin zare, ta hanyar wata waya mai suna FireWire. Kaset ɗinsa a siffa kamar na VHS yake, amma aikin cikin na'urar daban ne. Waɗannan na'urori ba su yi kasuwa ba, domin tsada da kuma fitowar faifai da na'urori masu ma'ajiya a cikinsu. Ba su ne ke ajiye a ɗakunan jama'a ba, don haka ba su ake magana a kai ba a wannan babi.

3.4 Yadda Ake Haɗa Dikoda da Bidiyo

Dabarar ita ce a bar dikoda ta yi aikin da bidiyo ba zai iya ba. Dikoda ce za ta kamo tashar, ta warware lambobin, ta rage hoton daga layuka 1,080 zuwa 576, ta mayar da shi analog, sannan ta miƙa wa bidiyo. A bayan yawancin dikodoji akwai kafofi iri biyu. Akwai ta HDMI, wadda take fitar da hoton HD zuwa akwati na zamani, akwai kuma kafofin AV guda uku, ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na sauti. Waɗannan ukun su ake buƙata. Za a ɗauki waya mai kai uku a jona ta daga wurin fita na dikoda zuwa wurin shiga na bidiyo, launi da launi. A na'urorin da aka shigo da su daga Turai akan tarar da kafa mai faɗi ta SCART a maimakon waɗannan, sai a nemi mahaɗin da ya dace, a kuma tabbatar an saita shi a kan shiga, domin mahaɗin yana da ɓangaren shiga da na fita. Bayan haka sai a ɗauki rimot na bidiyo a mayar da shi daga tasha zuwa AV, wanda a wasu na'urori ake rubuta shi L1. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma wanda ya manta shi zai naɗi awa uku na yayyafi.

Akwai hanya ta biyu ga dikodar da take da kafar eriya ta fita. Ana iya jona ta da kafar eriya ta bidiyo, sannan a nemo siginar kamar yadda ake nemo tasha. Wannan hanya ba ta kai ta farko kyau ba. Hoton yakan ƙara dusashewa, sautin ya koma na bango ɗaya, kuma idan na'urar an ƙera ta ne domin wata ƙasa mai tsarin sauti daban, sai hoto ya fito babu murya. Ga manazarcin harshe kuwa, hoton da babu murya ba shi da wani amfani.

Wasu na'urori na baya-bayan nan ba su da kafar AV sam, sai HDMI kaɗai. A irin wannan hali akan yi amfani da wani ƙaramin akwati mai juya HDMI zuwa AV, wanda yake da maɓallin zaɓi tsakanin PAL da NTSC. Sai dai a nan akan ci karo da kariya. Siginar HDMI tana ɗauke da wani makulli mai suna HDCP, wanda aka yi domin hana kwafa, kuma idan dikoda ba ta amince da akwatin da aka jona mata ba sai ta hana hoton fita. Ta ɓangaren AV ma akwai tsohuwar kariya mai suna Macrovision, wadda take ruɗa sashen daidaita haske na bidiyo, hoto ya riƙa yin duhu yana washewa. Batun halaccin naɗa a gida tsohon zance ne, domin tun a 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Sony da kamfanin Universal cewa naɗar shiri domin a kalla daga baya bai saɓa wa doka ba. Wannan hukunci na Amurka ne, kuma ko a can bai ba kowa izinin kwafa ya sayar ba.

3.4.1 Siffar Hoto

Tun da hoton HD ya fi na kaset shimfiɗuwa, dole a zaɓi yadda za a shigar da shi, kuma a cikin saitin dikoda ake yin zaɓin. Idan aka zaɓi a nuna hoton gaba ɗayansa, zai fito da baƙin shinge sama da ƙasa, ya zamana layuka 432 kaɗai daga cikin 576 ke ɗauke da hoto. Idan aka zaɓi ya cika akwati, sai a yanke gefe da gefe, kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton ya tafi. Akwai kuma zaɓi na uku, inda ake matse hoton ya shiga duka, mutane su fito sirara dogaye, sai an kalla a akwati mai faɗi sannan su koma daidai. Ga mai nazarin wasan kwaikwayo zaɓi na biyu shi ne mafi haɗari. Masu ɗaukar wasannin zamani irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sukan ajiye mutum biyu masu zance ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Idan aka yanke gefe, za a ji muryar mai magana amma ba za a ga fuskarsa ko motsin hannunsa ba, alhali a zancen Bahaushe sunkuyar da kai da kawar da fuska da durƙuso duk magana ce. Hoto ƙarami cikakke ya fi babba yankakke.

3.4.2 Naɗa ta Hanyar Agogo

Agogon bidiyo yana iya tayar da na'urar a lokacin da aka saita, amma ba shi da iko a kan dikoda. Ba zai kunna ta ba, ba kuma zai sauya mata tasha ba. Ke nan dole a bar dikoda a kunne a kan tashar da ake so, kuma ba za a iya kallon wata tasha ana naɗar wata ba kamar yadda ake yi a da. Duk abin da ya bayyana a fuskar akwati shi zai shiga kaset. Idan yaro ya ɗauki rimot ya koma tashar ƙwallo, ƙwallo za a naɗa. Idan aka buɗe jerin tashoshi, ko saƙon ƙarewar kuɗin wata ya fito, ko hadari ya taso hoton tauraron ɗan'adam ya daskare, duk za a tarar da su a ciki. Wasu dikodojin kuma sukan kashe kansu idan an daɗe ba a taɓa rimot ba, sai an cire wannan saiti. Daɗin daɗawa ga ɗaukewar wutar lantarki, wadda take goge agogon bidiyo idan ta jima, ta kuma sa dikoda ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. Saboda waɗannan dalilai, wanda shirin yake da muhimmanci a gare shi gara ya zauna a gaban na'urar ya danna maɓallin naɗa da hannunsa.

3.5 Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Duk da raunin da aka ambata, hoton da aka naɗa daga dikoda yakan fi wanda ake naɗa daga eriya a da tsafta, domin babu yayyafi, babu inuwa biyu. Sautin ma yana fitowa garau idan na'urar mai Hi-Fi ce, kuma ko mai sautin gefen zare ta isa a ji kalma da karin sauti. Wato abin da manazarcin harshe da adabi ya fi buƙata, kamar zance da karin magana da habaici da zubin labari, duk suna tsira. Abin da ke ɓacewa shi ne ƙananan abubuwa. Aikin wuyan riga, zanen lalle, rubutun da ke jikin allo ko takarda, da ƙananan sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri, duk sukan cakuɗe. Wannan na ƙarshe ba ƙaramar asara ba ce, domin daga nan ake samun sunan marubuci da mai ba da umarni da shekarar da aka shirya wasan. Yana da kyau a kwafe su a takarda tun ana watsa shirin, a liƙa a bayan kaset tare da kwanan wata da sunan tasha.

Sai kuma batun ɗorewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yuli na 2016. Duk na'urar da ke aiki a yau tsohuwa ce, robobin cikinta suna bushewa, kawunanta suna cinyewa, kayan gyaranta kuma sai dai a ciro daga wata da ta mutu. Shi kansa zaren ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, kuma ƙasar Hausa tana da bazara da damina da hunturu, kowanne da irin ɓarnarsa. Kaset ɗin da ya yi damina a ɗaki mai laima yakan yi fumfuna, idan aka sa shi a na'ura ya ɓata kawunan, su kuma su ɓata kaset na gaba. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset sai hoton ya ragu, saɓanin dijital da kwafi na goma yake daidai da na farko. Don haka naɗar HD a kan VHS mafita ce ta wucin gadi ga wanda babu wata na'ura a hannunsa kuma shirin zai wuce shi. Wanda yake da dikoda mai ma'ajiya a cikinta, ko mai karɓar filashi, ya fi dacewa ya yi amfani da ita, ko da yake wasu dikodojin sukan kulle abin da suka naɗa yadda ba zai buɗe a wata na'ura ba.

Inda tsohuwar na'urar ta fi amfani a yau shi ne aikin da yake kishiyar wannan. Wayar nan mai kai uku da aka yi bayaninta, idan aka juya ta, aka jona ta daga wurin fita na bidiyo zuwa ƙaramar na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta, za a iya kwashe abin da ke cikin tsofaffin kaset a mayar da shi dijital. Aikin yana cin lokaci daidai tsawon kaset ɗin, wato kaset na awa 3 sai an zauna masa awa 3, kuma kowace awa da kawunan na'urar suka yi suna naɗar sabon shiri an rage ta ne daga awoyin da suka rage musu na karanta tsoho. Babi na gaba zai duba matakan wannan aiki, tun daga tsaftace kaset har zuwa rubuta bayanansa.